Mutumin da Ya Riƙe wa Magajin Gari Kujera

Ni girkin taro ne sana'ata. Na fi shekara talatin a bakin murhu a nan Santa Rufina, yau gidan biki, gobe gidan baftisma, jibi gidan makoki, kuma babu babban mutum a garin nan da ban san yadda yake tauna ba. Saboda haka in na ce na san Manong Medes, wato Yaya Medes a harshenmu, ba labari aka ba ni ba. Na zuba masa abinci fiye da yadda uwarsa ta zuba masa.

Nicomedes Bagaporo ne sunansa a takarda, amma ko shi sai ya yi tunani kafin ya amsa shi. Aski yake yi a bakin kasuwa tun yana saurayi: kujera ɗaya, tsagaggen madubi, da rediyon da ba ya kama komai sai sanarwar mutuwa. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, kuma tuzuru. An ce ya taɓa neman wata malamar makaranta, ya yi ta zuwa gidansu yana gaida iyayenta, har wani ya zo ya aure ta shi yana nan yana gaisuwa. Ya je bikin, ya ma taya jera kujeru.

Ubansa da uban Eleuterio Bagaporo, wanda kowa ke kira Teryo, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sai dai da aka zo rabon gado, ɗaya ya tashi da gonakin rake, ɗaya ya tashi da almakashi, kuma ba sai na faɗa muku wanne ne uban wa ba. Teryo ya zama Magajin Garinmu yana ɗan shekara arba'in, bayan ya karɓi kujerar daga hannun wani baffansu.

To, a wajenmu ba don titi ko magudanar ruwa ake zaɓen Magajin Gari ba, wannan zancen lokacin kamfe ne. Aikinsa uku ne: aure, baftisma, mutuwa. In za ka aurar da 'yarka, shi ne uban aure. In an haifa maka, shi ne uban baftisma. In ka yi rashi, shi zai aiko da rumfa da kujerun roba da kofi da biskit, in talaucin ya yi yawa har da akwatin gawa. Kowace rumfa tana ɗauke da sunansa da hotonsa yana washe baki, ta yadda ko mamacin ya ɗaga kai zai san wanda ya rufa masa asiri.

Teryo ya ɗauki aikin da zafinsa. Kafin shekara ta zagayo, gasasshen aladen biki ya toshe masa jijiyoyi, likita ya ja masa kunne, ga shi dama warin kyandir da furen gawa na tayar masa da zuciya. Ran nan na fake wa ruwa a shagon Medes, sai ga Teryo ya shigo yana kakkaɓe lema.

"Manong," in ji shi, "ashe kana nan."

Medes ya girme shi da shekara biyu, amma Teryo ba ya tuna da haka sai yana da buƙata.

"Ina zan je, ranka ya daɗe? Zauna in rage maka gefen nan."

"Bar gefen. Akwai makoki a unguwar masunta, ni kuma ina da baƙi daga lardi. Ka je mini. Ka ce ni na aiko ka."

"Bayan wannan me zan ce musu?"

"Me ake cewa? Ka yi fuskar tausayi, ka sha kofi, ka taso."

Ya aiko masa da farar rigar barong sabuwa dal, Medes ya saka ya tafi. Fuskar tausayi kam ya yi, kofi ma ya sha, tasowar ce ta gagara. Mamacin ya daɗe yana aski a wurinsa, don haka da ya leƙa akwatin sai ya fashe da kuka na gaske, har matar ta koma tana rarrashinsa. Ya zauna ya yi karta da masu zaman makoki, aka cinye shi tas, kason da ake cire wa iyalin mamaci ya ƙaru. Washegari ya koma ba tare da an aike shi ba.

Daga nan shago ya fara kwana a rufe. Duk wata gayyata da ta zo ofis, Medes ake miƙa wa. Gidan da duk ya shiga, da magana ɗaya yake farawa, hannu a ƙirji: "Magajin Gari ne ya aiko ni. Ya so zuwa da kansa, aiki ne ya riƙe shi." Aikin kuwa kowa ya san shi, yana can filin faɗan zakaru. A coci Medes ke riƙe jariri a gaban Fada, jaririn ya yi masa fitsari a barong, sannan a rubuta sunan Teryo a matsayin uban baftisma. Da Kirsimeti kuma, lokacin da yara ke zuwa gaida uban baftismarsu don a ba su ɗan abin hannu, ƙofar Medes suke cikawa, tunda shi iyayensu suka gani a hoto. Wannan ɓangaren Teryo bai taɓa yin ƙorafi a kansa ba.

In faɗa muku gaskiya, ban taɓa ganin mutumin da aiki ya karɓa kamar shi ba. Ba mata, ba ɗa, ba wanda ke jiran dawowarsa, sai ga shi kowane gida a garin nan an ware masa kujera. Ya san wace suruka ce ba ta magana da wace, ya san inda zai zauna a tsakaninsu. Yakan leƙo mini madafa ya ce, "Puring, yau taliyar ta fi ta ranar Talata," in ce masa, "Ta ranar Talata ta makoki ce, Manong, da hawaye ka ci ta." Yana son wannan rayuwar har cikin ransa, kuma ba shi da wata.

Ana nan, shekara tara ta kusa cika wa Teryo a kan kujera. Doka dai a fili take: zango uku a jere, kowanne shekara uku, sai ka sauka ka huta ko da zango ɗaya ne. Tun da aka shiga shekarar ƙarshe Teryo ya daina barci mai kyau. Ya tara kansiloli cin abincin rana a gidansa, ni na yi girkin, ya kuma kira Lauya Gumban, mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya tambaye ka nawa kake so ya zama.

"Ranka ya daɗe," in ji lauyan, yana tsotsar ƙashin kaza, "dokar ta hana ka zango na huɗu a kan wannan kujerar. To a canza kujerar mana. Mu mai da Santa Rufina birni. Majalisar ƙasa ta ba mu kundinmu na birni, tsohon gari ya mutu, an haifi sabo. Kai kuwa ba ka taɓa mulkin sabon ba ko na kwana ɗaya. Lissafi ya koma farko."

"Mutanenmu sun kai yawan da ake nema?"

"In aka ƙirga da kyau za su kai."

Wani kansila ya ce, "Har da na maƙabarta?"

"Ai suna zaɓe," in ji lauyan. "Me zai hana a ƙirga su?"

Haka aka yi. Ɗan majalisarmu ya ɗauki kundin ya kai Manila, aka yi ta zarya, kundi ya dawo da hatimi. Saura ƙuri'ar jin ra'ayinmu. Aka raba shinkafa da kifin gwangwani unguwa-unguwa, ra'ayinmu ya fito fes. Rabin waɗanda suka ce sun yarda sun ɗauka in mutum ya zama ɗan birni albashi ake ba shi. Aka kafa danja a mararrabar kasuwa, inda ba abin da ke wucewa sai keke mai ƙafa uku da ɓaunar wani manomi, kuma har yau ɓaunar ce kaɗai ke tsayawa in ta nuna ja. Aka goge sunan gari a jikin kowace rumfa aka rubuta birni. Kuɗin rumfar kasuwa ya ninka, wai haka ake yi a birni.

Ranar da aka rataye kundin a cikin gilashi, Fada ya yayyafa masa ruwan albarka, sai rigima ta tashi kan ko na wane ne. Kansiloli suka ce nasu ne, su ke zartar da shi. Ɗan majalisa ya ce shi ya yi cikinsa shi ya haife shi. Teryo ya ce shi ya biya kuɗin shinkafa. Mu da muka jefa ƙuri'a ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu ga dalilin tsoma baki ba, tunda ba wanda ya karanta shi a cikinmu.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata mai kantin magani da ke neman kujerar ta kai ƙara hukumar zaɓe, hukumar kuwa ta amsa a taƙaice: ƙasar ita ce dai, mutanen su ne dai, mai neman shi ne dai, allon bakin hanya kawai aka canza. Teryo ba zai tsaya ba. Muka tashi da birni, da danja, da ƙarin haraji, shi kuma ya tashi da hawan jini.

Saura hanyar da kowa ke bi, wato a ba wani na gida ya ɗumama kujerar zango ɗaya. Aka sake taron cin abinci. Wani ya kawo sunan matarsa.

"Ita?" in ji Teryo. "Ranar farko za ta buɗe durowata, ranar biyu ta san hanyar gidan waccan matar da na ajiye a bayan asibiti. A'a."

"To babban ɗanka."

"Ni na haife shi, na san shi. Ni ma ɗumamawa baffana ya ba ni."

Kowa ya tuna baffan ya mutu yana jiran a mayar masa. Sai Lauya Gumban ya ce ai mutanenmu ba mutum suke zaɓa ba, suna suke zaɓa, abin da ake nema kawai Bagaporo ne wanda ba shi da haƙori. Kowa ya juya ya kalli ƙofar madafa, inda Medes ke tsaye yana taya ni ɓare tafarnuwa.

"Manong," in ji Teryo.

Medes ya ƙi da farko. Ba tsoron mulki ya hana shi ba, bai ma san abin da ake tsoro a ciki ba. Tambayarsa ɗaya ce: "To wa zai riƙa zuwa makoki?"

"Kai mana. Ba abin da zai canza. Ka sa hannu a inda aka nuna maka, sauran ka bar mini."

"In shekara ukun ta cika, ka karɓi abinka, ni kuma in koma wakilinka kamar da?"

"Kamar da."

"Ka yi alkawari, Teryo?"

Teryo ya ɗaga hannu ya rantse da kabarin kakarsu. Ina tsaye da wuƙa a hannu na ji shi.

Fastar zaɓen abin kallo ce. Ƙaton hoton Teryo ya cika takardar, hannunsa a kafaɗar wani ɗan ƙaramin Medes da ke ƙasa kamar yaron da aka kai makaranta. Medes ya ci da ƙuri'un da ba a taɓa gani ba a tarihin garin, balle na birnin.

Bayan rantsuwa kansiloli suka so gyara kundin, a ƙirƙiro wa Teryo muƙamin babban mashawarci a zuba masa duk ikon a ciki. Ɗan majalisa, wanda har lokacin yake fushi kan zancen haihuwar kundi, ya aiko musu cewa ko waƙafi ɗaya ba mai taɓawa sai majalisar ƙasa. Suka yi kwana da kwanaki suna cacar baki kan wa ke da iko da kundin. Daga ƙarshe aka bar shi a gilashinsa, aka kira kafinta ya kwance allon da ke ƙofar Teryo, mai rubutun Ofishin Magajin Gari, ya ɗaura shi a ƙofar ɗakin ajiyar rumfuna. Teryo ya ci gaba da zama a ɗakinsa mai na'urar sanyi. Medes kuwa ya ji daɗi, wai yanzu ya fi kusa da kayan aiki.

Makoki na farko da ya je yana Magajin Gari, ina can. Ya shigo, hannu a ƙirji.

"Magajin Gari ne ya aiko ni. Ya so zuwa da kansa, aiki ne ya riƙe shi."

'Yar mamacin ta ɗago da jajayen idanu. "Manong, ai kai ne Magajin Garin."

Ya tsaya yana tunani. "Haka ne fa," ya ce. "To, amma dai ya so zuwa."

Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska. Har ya sauka bai iya barin maganar ba, mutane ma in bai faɗa ba sai su tuna masa.

Kada ku ce yabonsa nake yi. Mulki kam bai iya ba. Magudanar kasuwa yadda ya same ta a toshe haka ya bar ta. Ya sa hannu a kan gadar da har gobe ba wanda ya ga ƙafarta. Sata ce dai bai yi ba, wannan ma don ba a nuna masa inda ake ajiyewa ba ne. Amma abu ɗaya ya canza, kuma shi ne ya ja masa. A karon farko, Magajin Gari da kansa ke zaune a kan kujerar roba a gidan masunci, yana shan kofi mai ruwa-ruwa, ana cinye shi a karta. Talaka ba ya manta wannan.

Babban amininsa Poloy ne, wani masunci mai bakin tsiya, abokin kartarsa tun suna samari. A shekarar ƙarshe, a wani biki, Poloy ya ritsa shi a madafata.

"Kai dogon banza, ka tsaya kawai. Ka yi tazarce. Duk unguwarmu ta gama magana."

"Rufa mini asiri, Poloy. Aro aka ba ni."

"Aron wa? Mu muka zaɓe ka."

"Bagaporo kuka zaɓa."

"To kai ɗan gidan uban wa ne? Ka ga, wancan ƙaton ko sunan matata bai sani ba, alhali shi ne uban aurenmu na biyu da muka sabunta a coci."

"Ni na zo a madadinsa."

"Abin da nake faɗa maka ke nan, sakarai."

Medes ya yi dariya ya ce shi dai a bar shi ya koma aikinsa, wannan sa hannun yana sa masa ciwon kai. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma madafar biki ba wurin sirri ba ce, kafin a gama wanke tukwane maganar ta isa ɗakin mai na'urar sanyi.

Da lokacin kamfe ya zo, Medes ya cika alkawarinsa har ya wuce. Ya ƙi yankar takardar takara. Ya ninka yawonsa, biki da safe, baftisma da rana, makoki biyu kafin magariba, ko'ina yana roƙo a zaɓi Teryo. Shi a ganinsa hidima yake yi. Mutanen Teryo kuwa suna biye da shi suna kai rahoto cewa Manong ya shiga gida kaza, an rungume shi, tsofaffi sun yi kuka.

A babban gangamin dandalin coci, Medes ya hau dandamali ya ɗaga hannun ɗan'uwansa sama. Jama'a suka ɗauki sunansa, ba na Teryo ba. Ya yi musu alama su yi shiru, suka ƙara. Ya ce, "Don Allah ku saurara, ga mai abin nan ya dawo," suka ƙara tafi, wai ku ji tawali'u. Teryo na tsaye hannunsa a sama, da irin murmushin da ke jikin rumfa. Da suka sauko, Medes ya matso kusa da shi fuska cike da farin ciki ya ce, "Ka ga yadda suke son gidanmu?"

Teryo ya ci zaɓen, amma da ƙuri'un da ba su kai na Medes ba ko kusa. Wannan shi ne laifin, kuma ba shi da gafara.

Washegarin rantsuwa Medes ya goge barong ɗinsa ya je ofis karɓar gayyata. An riga an mayar da allon ƙofa wurinsa. Sakatariya ta ce masa Magajin Gari ya ce ya je ya huta, ya sha wahala. Ya koma bayan kwana biyu, aka sake ce masa ya huta. Gayyatar kuwa an ba wani ƙanin matar Teryo, mai baƙin tabarau, wanda ke sauka daga mota ya miƙa ambulan, a ɗauke shi hoto kusa da akwati, ya koma mota injin bai ko mutu ba.

Medes ya ce ba komai, ai ta'aziyya ba sai da aike ba. Ya sayi kyandir da kuɗinsa ya je wani makoki a bayan tasha. Washegari motar ofis ta zo ta kwance rumfar da tsakar rana, wai ana buƙatarta a wani wuri, aka bar masu makoki a rana da gawarsu. Ya je wani a unguwar masu gishiri, nan ma aka kwance, har da kujeru. Ba wanda ya ba da sanarwa, ba takarda, ba doka. Sau biyu ya isa, mutanenmu ba su da jinkirin fahimta in zancen rumfa ne.

Medes ya je ya tsare Teryo a ƙofar gidansa. Direban Teryo ne ya ba ni labari.

"Teryo, ka rantse da kabarin kaka."

"Na ce za ka huta, ga shi kana hutawa."

"Ba na son kujerar nan. Allah ya sani ba na so."

"Na sani, Manong," in ji Teryo, yana ɗaga gilashin mota. "Ni ma haka na ce wa baffanmu."

Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan lokacin, har yanzu ma in na tuna yana ɓaci. Mutanen da ya yi wa kuka a kan iyayensu suka fara tsallaka titi in sun hango shi. Ba ƙinsa suke yi ba, kunya suke ji, kowa kuma yana da tsoho a gida da zai buƙaci rumfa wata rana. Ya sake buɗe shagon aski, amma samarin yanzu ba irin askinsa suke so ba. Sai ya zauna ya kunna rediyo yana jin sanarwar mutuwa, yana cewa, "Allah sarki, wannan na san shi."

Da damina ta kankama, Poloy ya faɗi a bakin kwalekwalensa, kafin a kai shi asibiti ya cika. Bai bar komai ba sai koma da bakin tsiyarsa da kowa zai yi kewa. Akwatin na ofis ne, rumfar ta ofis ce, kofin ma haka. Matarsa Luding ta kira ni girki, na ce mata kada ta kuskura ta yi mini zancen biya.

Da la'asar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen teku, mutane sun cika ƙarƙashin rumfa, sai wata ta taɓa ni ta nuna bakin lungu. Medes ne tafe a hankali, cikin barong ɗin da ya fara komawa ruwan ƙwai, da kyandir a hannu. Karta ta tsaya. Kowa ya ɗaga kai ya kalli rumfar, sannan ya kalli hadarin.

Luding ta tashi daga gefen akwatin ta fita da sauri, na bi ta da ludayi a hannuna. Ta tare shi tun bai shigo lungun ba.

"Manong," ta ce, sai kuka ya ci ƙarfinta. "Manong, don Allah."

Ya kalle ta, ya kalli rumfar daga nesa. Bai sa ta ƙarasa ba.

"Na gane, Luding. Ki yafe mini, da ban zo na sa ki a tsaka mai wuya ba. Ya sha wahala?"

"A'a. Faɗuwa ɗaya ce."

"To mun gode Allah. Shi dama ba ya son jira." Ya miƙa mata kyandir ɗin. "Ki kunna masa. Ba sai kin ce daga wa ba."

Na ce, "Manong, shigo kawai, in sun isa su zo su kwance, ni zan tsaya a ƙofa da tafasasshen ruwa."

"Ke za ki rufe su da tukunya in ruwa ya sauko?" ya ce. "Bari, Puring."

Na so in zubo masa taliya ko a leda ne, amma ba a fita da abincin makoki daga gidan makoki, shi ma ya fi ni sani. Luding ma ba ta da damar raka shi ko taku ɗaya, masu rashi ba sa rakiya. Ta juya ta koma tana share fuska da gefen riga. Aka bar ni da shi a bakin lungu, iska ta fara kaɗa kwanon rufin mutane.

Sai na faɗi abin da muke faɗa wa duk wanda ya taso daga makoki. "Ka biya ta kasuwa ko wani shago kafin ka shiga gida, Manong. Kada mamaci ya bi ka."

Ya ɗan tsaya. "Ban shiga ba," ya ce, "amma na zo kusa, wataƙila ya gan ni. Kai tsaye gida zan tafi, Puring. In yana so ya biyo ni, zan bar ƙofar a buɗe."

Ya juya ya kama hanya, ruwa ya sauko tun bai kai mararraba ba. Na koma madafa na tarar wutar ta kusa mutuwa, na hura ta, na ci gaba da zuba wa mutane abinci. Rumfar kuwa ba wanda ya taɓa ta har aka yi jana'iza.